Madabod ɗin Dell OptiPlex 7010 ya mutu, wanne zan saya ya zauna daidai?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Kwamfutar tebur ce, Dell OptiPlex 7010, da ita ake aikin buga takardu a shago. Furosesa Core i5-3470, RAM sanda huɗu kowanne 2GB, had disk 500GB, Windows 10. An ɗauke wuta, da aka dawo da ita da ƙarfi sai kwamfutar ta ƙi tashi. In an danna maɓallin kunnawa fanka takan ɗan motsa ta tsaya, fitilar maɓallin tana ta ƙiftawa ruwan lemu maimakon fari, allo kuwa babu komai. Mai gyara ya duba ya ce madabod ne, wato babban faifan da furosesa da RAM da sauran kayan ciki ke zaune a kai.

A kasuwa an nuna mini guda uku. Na farko an ce na 7010 ne, amma da ido ma ya fi nawa girma. Na biyu na OptiPlex 790 ne, ya fi araha, mai kayan ya ce duk soket ɗaya ne, wato mazaunin furosesa, zai yi. Na uku sabo ne fil a kwali, an rubuta H61 a jiki, ba na Dell ba ne.

Yaya zan gane wanda zai shiga akwatin nan ya karɓi furosesa da RAM ɗin da nake da su? Wace lamba ake dubawa, kuma a ina take? Sannan in an canza, Windows da fayilolin da ke cikin disk za su tashi yadda suke ko sai an sake lodi? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya MaiMita

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fitar da kuɗi tukuna. Abin da ka bayyana, wato fanka ta motsa ta tsaya bayan wuta ta zo da ƙarfi, fawa fak ma, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, yana yin sa, kuma shi ne ke fara karɓar dukan. A fara tabbatar da cewa bod ɗin ne ya mutu.

Fitilar nan ba haka kawai take ƙiftawa ba, lissafi take ba ka. A 7010 takan ƙifta sau 2 ko sau 3, ta ɗan tsaya, ta sake ƙifta wani adadi, sannan ta yi doguwar tsayawa ta maimaita. Ka zauna ka ƙirga. Biyu sannan ɗaya, bod ne. Biyu sannan biyu, ko bod ko fawa fak ko wayoyinsa. Biyu da uku, ko bod ko RAM ko furosesa. Biyu da huɗu ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032. Biyu da bakwai RAM ne ya samu matsala, uku da uku kuwa bod ɗin bai ga RAM ba sam. Ka ga ke nan daga cikin waɗannan ɗaya ne kawai ke nuna bod kai tsaye.

A bayan fawa fak ɗin Dell na wannan zamani akwai ɗan maɓalli da fitila kusa da inda wayar wuta ke shiga. Ka danna ka riƙe. Idan fitilar ta kama kore ta tsaya kuma fankarsa ta juya, yana da rai. Idan ba ta kama ba, ka zare wayar wuta, ka cire babban fulogi mai ƙafa 24 da ƙaramin mai ƙafa 4 daga bod, ka cire na disk da na DVD, ka mayar da wuta ka sake dannawa. In yanzu ta kama, to wani abu ne a ciki ke jan wutar ƙasa, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. In har yanzu shiru, fawa fak ne ya tafi, bod ɗinka wataƙila lafiyarsa lau.

Mai mitar auna wuta zai fi samun tabbaci. A wayoyin fawa fak, baƙa ita ce ƙasa, wato wadda ake auna sauran da ita. Shunayya dole ta ba da volt 5 da zarar an jona wuta, ko ba a kunna ba. Bayan kunnawa, rawaya volt 12, ja volt 5, ruwan lemu 3.3, kuma sassaucin da aka yarda da shi kashi 5 cikin ɗari ne, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6. Sannan, bayan an zare wuta gaba ɗaya, a sa mita a kan gwajin haɗuwa, a taɓa ƙafar volt 12 ta ƙaramin soket mai ƙafa 4 da ke kan bod da kuma ƙarfen jikinsa. Ɗan kuka na daƙiƙa ɗaya ba komai ba ne, kafasito, 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, ne ke cika. Kukan da bai tsaya ba yana nufin ɗaya daga cikin mosfet, ƙananan na'urorin daidaita wuta da ke kewaye da furosesa, ya ƙone ya haɗe. Wannan ne ke sa fanka ta motsa ta tsaya, domin fawa fak yana ganin haɗuwar sai ya kashe kansa. In haka ne, ka sa a ranka cewa furosesar ma tana iya kasancewa ta sha wutar, dole a gwada ta a wani bod kafin a ce ta tsira.

Gwaji na ƙarshe ba ya buƙatar kayan aiki. Zare wuta, riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20 wutar da ta rage ta zube. Sa sabon batirin CR2032. Cire disk, DVD, duk wani kati da ke kan bod, da duk abin da ke jone ta USB. Ka leƙa cikin ramukan USB ɗin da tocila, harshen ciki in ya karye ƙarafansa sukan taɓa juna su hana kwamfuta tashi. Bar RAM sanda ɗaya a rami na farko, ka kunna. Ka gwada kowanne sanda shi kaɗai. Daga nan ka cire RAM duka ka kunna: bod mai rai zai yi ƙorafi da uku da uku. Wanda ya ci gaba da biyu da ɗaya ko da babu RAM, shi kam ya gama aiki.

Ka dawo mana da lissafin.

Baffan Zahra

Injiniya ya gama magana a kan gwaji, ni zan tsaya a kan gane bod ɗin.

Ɗan uwa, sunan 7010 shi kaɗai ba ya sayo maka bod. Dell ta fitar da wannan samfuri a 2012 cikin akwati iri huɗu: MT babbar hasumiya, DT mai tsawo amma siririya, SFF ƙarama, da USFF 'yar mitsitsiya. Shi ya sa wanda aka nuna maka ya fi naka girma alhali mai kayan bai yi ƙarya ba, na 7010 ne, amma na wani akwatin. Hanya mafi sauƙi ka juya bayan kwamfutar ka ƙirga ƙofofin kati. Huɗu masu cikakken tsawo, MT. Huɗu gajeru, DT. Biyu gajeru, SFF. Babu ko ɗaya, USFF. In kana da abin awo, SFF tsayinta santimita 29 ne, faɗi wajen 9, zurfi wajen 31, DT kuwa tsayinta 36. Fawa fak ma yana faɗa: MT wat 275, DT 250, SFF 240, USFF 200. Bod ɗin MT da na DT girmansu ɗaya, kusan microATX da aka sani. Na SFF daban yake, na USFF daban, kuma shi ramin RAM biyu kawai gare shi.

Abin da za ka riƙe da gaske shi ne lambar kayan ta Dell. A kan bod ɗin kansa akwai farar sitika mai zanen lamba, sau da yawa kusa da ramukan RAM ko ramin kati. Za ka ga dogon layi da ya fara da haruffa biyu na ƙasar da aka ƙera shi, galibi CN, sai ɗan layi, sai sifili, sai haruffa da lambobi guda biyar. Waɗannan biyar ɗin su ne sunan bod ɗinka. Abin da ke gabansu sifili ne, ba harafin O ba, kuma masu sayarwa wasu suna rubuta shi wasu ba sa rubutawa, duk abu ɗaya ne. Ragowar layin lambar masana'anta ce da kwanan wata da jerin fitowa, a ƙarshe kuma za ka ga A00 ko A01 ko A02, wato karon gyaran da aka yi wa bod ɗin. Bambancin A00 da A02 ba ya hana shi zama.

Wurare uku mutane ke kuskure. Na farko, akwai wata lamba E93839 da aka buga da farin fenti a jikin bod ɗin. Wannan lambar rajistar ingancin masana'antar da ta ƙera shi ce, tana kan bod iri-iri barkatai na Dell da na wasu kamfanonin, har da waɗanda soket ɗinsu ma ba ɗaya ba. Wanda ya nema da ita zai sha mamakin abin da za a miƙo masa. Na biyu, kusan kowane abu a cikin Dell yana da irin wannan sitikar ta CN: fanka, ƙarfen sanyaya furosesa, wayoyin gaba, fawa fak. Ka tabbata wadda ka karanta a manne take a jikin bod. Na uku, lambar da ke bayan akwati irin su D03S siffar akwatin kawai take nunawa. Harafin ƙarshe S na nufin SFF, amma 790 da 7010 duk suna iya ɗauke da ita, don haka ba ta raba maka su.

Akwai kuma Service Tag, haruffa bakwai a sitikar saman akwati ko bayansa. In ka shigar da ita a shafin tallafi na Dell za ka ga kayan da kwamfutar ta fito da su daga masana'anta. Tana da amfani, amma da sharaɗi. Kwamfutocin nan na hannu ne, sun bi hannu da yawa kafin su iso mana, ana canza musu murfi, ana canza fuskar gaba, ana sa bod ɗin wata a akwatin wata. In sitikar akwati da ta bod suka saɓa, ta bod ce gaskiya.

Ga masu karatu da kwamfutarsu ke tashi har yanzu, ku rubuta lambar ku ajiye tun yau. Danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, nemi layin BaseBoard Product. A Dell lambar nan ce za ta fito da sifilinta a gaba. Masu HP su nemi sitikar da aka rubuta SP#, lambobi shida da ɗan layi da lambobi uku. Masu Lenovo su nemi FRU.

Kafin ka cire komai, ka ɗauki hoton bod ɗin daga sama da dukkan wayoyinsa a jone, ka ɗauki na sitikar kusa-kusa, ka ɗauki na bayan akwati. In za ka kasuwa kuma, tafi da mataccen bod ɗin a hannu.

Ɗan Kurna

Injiniya, Baffa, Allah ya ƙara basira. An yi yadda kuka ce. Fitilar fawa fak tana kamawa kore idan an cire fulogan daga bod, da an mayar da mai ƙafa 4 sai ta ƙi. Mita kuma tana kuka ba tsayawa a wannan soket ɗin. Ƙiftawar biyu ce sannan ɗaya, ko da RAM ko babu. Ƙofofin baya biyu ne gajeru, fawa fak wat 240, sitikar bod kuma ta fara da CN-0GXM1W.

Mai kaya ya ce ba shi da wannan lambar a yanzu, amma yana da WR7PY, yana kuma da na 9010 SFF da na 7020 SFF. Har yanzu yana matsa mini a kan na 790 saboda araha. Wanne zan ɗauka?

Ummu Sadik

Malam Ɗan Kurna, yanzu magana ta fito. Taka 7010 SFF ce. GXM1W da WR7PY duka lambobin bod ɗin 7010 SFF ne. Dell takan ba samfuri ɗaya lamba fiye da ɗaya saboda an ƙera su a lokuta daban-daban. WR7PY ɗin shi za ka ɗauka, in ya ci gwaji. Ka ɗora shi kusa da naka ka bi su da ido: ramukan sukuru, jerin ramukan baya, wurin fulogi mai ƙafa 24, soket ɗin wayoyin gaba, da shuɗin soket na USB 3.0. Su zo ɗaya.

Na 9010 SFF shi ne zaɓi na biyu. Soket ɗaya, LGA1155, cif ɗaya, wato babban guntun da ke sarrafa bod ɗin, Q77, shekara ɗaya, akwati iri ɗaya. Bambancinsu ya fi yawa a abubuwan kula da kwamfutocin ofis daga nesa, waɗanda shagon buga takardu ba ya buƙata. Abin lura kawai, daga ranar da ka sa shi kwamfutar ta zama 9010 a idon BIOS, wato manhajar cikin bod mai tayar da kwamfuta, da direbobi, ko da fuskar gaba tana cewa 7010. Duk abin da za ka sauke daga baya na 9010 za ka nema.

Na 790 kuwa ka bar masa kayansa. Gaskiya ne soket ɗaya ne, furosesarka za ta zauna a ciki daram, a rufe, amma ba za ta tashi ba. 790 na 2011 ne, cif ɗinsa Q65, yayansa 990 kuma Q67, kuma dukansu furosesa zubi na biyu kawai suke karɓa, irin su i3-2100, i5-2400, i7-2600. Taka i5-3470 zubi na uku ce. Babu sabunta BIOS ɗin da zai gyara wannan. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗa maka zubin: 2400 na biyu, 3470 na uku. In ka sayi na 790 sai ka ƙara kuɗin wata furosesa ta tsohon zubi, ka kuma rasa USB 3.0 gaba ɗaya, domin 790 ba shi da shi, shuɗiyar wayar gaban akwatinka za ta rasa inda za ta shiga. Ramukan baya ma ba ɗaya ba ne, 7010 DisplayPort biyu gare shi, 790 ɗaya. Ina arahar take?

Na 7020 ya fi nisa. Soket ɗinsa LGA1150 ne, na zubi na huɗu, irin su i5-4570 da i5-4590. Lambobin 1150, 1151, 1155 da 1156 suna kama da juna a kunne, amma 'yan tsagin gefen furosesar ba wuri ɗaya suke ba, wanda ya danna da ƙarfi zai lanƙwasa fil ɗin soket. Bayan haka, daga 3020, 7020 da 9020 Dell ta bar fulogi mai ƙafa 24 ta koma mai ƙafa 8 da ke ba da volt 12 kaɗai, disk ma daga jikin bod yake shan wuta. Fawa fak ɗinka ba zai jonu ba. RAM ɗin kaɗai zai yi, tunda duka DDR3 ne.

In an kawo maka na 3010 SFF, wannan yana karɓar furosesarka, amma cif ɗinsa H61 ne, ramin RAM biyu, babu USB 3.0, kuma HDMI ne a bayansa inda naka ke da DisplayPort. Mai sanda huɗu na 2GB zai koma 4GB.

Sai sabon H61 na kwali da ka ambata tun farko. A akwatin SFF ba zai zauna ba, ramukan sukuru da tagar baya ba su dace ba. Sai ka sayi sabon akwati, kuma fawa fak ɗin Dell SFF dogo ne siriri, ba ya ɗauruwa a akwatin gama-gari, sai ka sayi wani. Fankar furosesa ta Dell fulogi mai rami 5 gare ta, jerin wayoyinta ba irin na mai rami 4 da aka saba ba ne, ko ka nemi mahaɗi ko ka sayi wata fankar. Ka ga bod ɗaya ya jawo sayayya huɗu. Ga ramin RAM biyu, ga SATA mai gudun 3Gb/s wanda zai daƙile SSD, wato disk mai sauri, in ka sa nan gaba. Intel kuma ta daɗe da daina ƙera wannan cif ɗin, don haka kwali sabo ba ya nufin duk abin da ke kan bod ɗin sabo ne. Wanda ya ƙudura barin akwatin Dell ya koma na gama-gari, gara ya nemi B75 ko H77 na sanannen kamfani irin Asus ko Gigabyte ko MSI, mai ramin RAM huɗu. Su an yi su ne don zubi na uku, suna da USB 3.0 da SATA mai 6Gb/s.

Abu ɗaya da zan so ka tambaya kafin ka biya: nawa ake sayar da 7010 SFF sukutum, mai tashi, ba disk ba RAM? Ka tambaya a wuri biyu ko uku, ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko wajen masu kawowa daga Computer Village ta Ikeja. In ratar da kuɗin bod kaɗai ba ta da yawa, ɗauki sukutum ɗin. Za ka samu fawa fak da bai sha wannan wutar ba, da furosesa ta biyu in taka ta mutu.

Malam Na-Tudu

Na yarda da Hajiya Ummu Sadik a kan WR7PY. Zan ƙara abin da za a yi a gaban mai kaya da kuma bayan an ɗaura, tunda tambayar Windows ba a amsa ta ba.

Kada ka karɓi bod a leda a ce ka je ka gwada. Ka tafi da furosesarka da RAM ɗinka da fawa fak ɗinka, a haɗa a kan tebur. A LGA1155 fil ɗin a cikin soket suke, ba a jikin furosesa ba, guda 1155, siraran gaske. Buɗe murfin soket ɗin, haska tocilar waya daga gefe, a kwance, ka riƙa juya bod ɗin a hankali. Fil masu lafiya duk haske ɗaya suke mayarwa a jere. Wanda ya lanƙwashe zai fito kamar ɗigo mai ƙyalli ko duhu a tsakiyar layi. Fil ɗaya tak yana iya kashe ramukan RAM biyu alhali kwamfutar tana tashi, shi ya sa za ka cika ramukan huɗu, ka danna F2 ka shiga BIOS, ka ga ya ƙirga 8192MB. Duba kan kafasito ko akwai wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa. Juya bayan bod ɗin ka nemi wurin da ya yi duhu, ko dalmar da ta fi sauran ƙyalli da danƙon gyara a gefenta, alamar an taɓa sa masa wuta. Gwada VGA, gwada DisplayPort, jona wayar intanet ka ga fitilar ramin ta kama, domin ramin nan ne tsawa ta fi kashewa da damina. Sa filas a kowane ramin USB. A bar shi a kunne ko minti 15 ne. Tunda mosfet ne ya haɗe a tsohon, fara gwada sabon bod ɗin da furosesar mai kaya, in ya tashi sannan a sa taka. Ta haka in aka samu matsala an san daga ina take.

A cikin BIOS ka gwada canza wani abu ka adana. Da yawa daga cikin waɗannan bod ɗin daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu da kalmar sirri a kulle. A 7010 ana cire ta da ɗan murfin roba da ke kan fil biyu masu rubutun PSWD: a kashe, a zare shi, a kunna har ta tashi, a kashe, a mayar. A yi wannan a shagon.

Wajen ɗaurawa, zare wuta, taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa bod, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki. A hure ƙurar akwati da ta fawa fak da bulowa. Goge tsohon man da ke kan furosesa da ƙarfen sanyaya tas, a sa sabo ɗigo ɗaya a tsakiya, misalin ƙwayar wake. Kusurwar furosesa mai alamar zinariya ta bi alamar da ke kan soket, a ajiye ta a hankali, ba a dannawa. Sukurori huɗu na ƙarfen sanyaya a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Sannan a bi hoton da Baffa ya ce a ɗauka a mayar da kowace waya. Bod ɗin Dell yana lura da ƙananan wayoyin nan, in ka manta ɗaya zai tsaya da saƙo irin "Alert! Front I/O cable failure" ko "Alert! Power button cable failure" ya ce ka danna F1. Wannan ba lalacewa ba ce, waya ce ba ta zauna ba.

Fayilolinka suna kan disk, mutuwar bod ba ta taɓa su ba sai in wutar ta kai ga disk ɗin. Kafin komai a jona shi a wata kwamfutar a kwafe muhimman abubuwa. Windows kuwa zai tashi yadda yake tunda cif ɗaya ne, in dai saiti biyu na BIOS sun dace da na tsohon bod. Na farko SATA Operation, in an loda Windows a kan AHCI sabon bod kuma yana kan wani saitin, za ka ga shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Kada a yi gaggawar sake lodi, a koma BIOS a canza saitin. Na biyu Legacy ko UEFI a jerin tashi, in bai dace ba zai ce bai ga abin tashi ba. A gwada ɗayan. A gyara kwanan wata da lokaci, in ba haka ba shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa.

In an kunna BitLocker, makullin Windows mai kulle fayiloli, a disk ɗin, mabuɗinsa yana cikin cif ɗin tsaro na TPM na tsohon bod, sabon zai nemi lambar ceto mai lambobi 48. A neme ta a asusun Microsoft ko inda aka ajiye ta tun kafin a fara aikin, domin babu mai gyaran da zai buɗe shi ba tare da ita ba. Lasisin Windows 10 ma da bod yake ɗaure, yana iya cewa ba a kunna shi ba. In an haɗa shi da asusun Microsoft, a shiga Activation a cikin Settings na Windows a bi mai warware matsala a zaɓi cewa an canza kayan na'ura. Lambar Windows 7 da ke sitikar akwati ba ta ƙara kunna Windows 10 ba tun Satumbar 2023. Service Tag da BIOS zai nuna kuma na kwamfutar da aka ciro bod ɗin ne, ba zai yi daidai da na akwatinka ba, wannan ba ya hana komai aiki.

Ka kuma auna yawan kuɗin da za ka zuba. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesa zubi na takwas zuwa sama da TPM 2.0, 7010 kuwa 1.2 gare ta. Don buga takardu da Word da firinta za ta ci gaba da aiki sosai, musamman in an sa mata SSD, amma gyaran da ya kusa kuɗin wata mai sabon zubi bai dace da ita ba.

Injiniya MaiMita

Ƙari kaɗan a kan fawa fak, Malam Ɗan Kurna. Koren fitilar nan tana nuna yana tashi ne kawai, ba ta nuna yadda yake riƙe wuta in an ɗora masa kaya. Shi ne ya bar wutar da ta ƙona mosfet ta wuce, don haka kada a jona shi a sabon bod sai an auna. A gwada bod ɗin da fawa fak ɗin mai kaya tukuna. Naka kuma a jona masa tsohon disk ko fanka a matsayin kaya, a haɗa koriyar waya da baƙa ya tashi, a auna rawaya da ja na 'yan mintuna. In rawaya ta haura 12.6 ko lambar tana rawa, a canza shi, kuma a nemi na 7010 SFF mai wat 240 da fulogi mai ƙafa 24 cikakken girma. Na 780 SFF ƙafa 24 ne shi ma amma fulogin ƙarami ne, na 7020 kuma ƙafa 8. In wanda aka ba ka yana da ɗan jan makunni na 115 da 230 a baya, a tura shi kan 230 kafin a kusanci soket ɗin bango. Kwamfutar kuma ta koma bayan UPS ko sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, firinta mai leza kuwa a ba ta nata layin, kada a ɗora ta a kan UPS ɗin.